Wa Ya Ce Muku Jini Ja Ne Zalla?

Akwai wasu bayin Allah cikin masu karatunmu waɗanda ko ce musu ka yi rana daga gabas take fitowa, sai sun ce a bari gari ya waye su gani. Yawancinsu kuwa, Allah ya huci zuciyarsu, Zazzagawa ne. Ni Bakano ne, kun san ba ma raga wa juna, saboda haka da gangan na zaɓo musu zancen da zai hana su runtsawa yau: jinin da ke yawo a jikin ɗan Adam ba ja ne zalla ba. Fiye da rabinsa ruwa ne rawaya-rawaya, kuma akwai fari a cikinsa.

Ina jiyo ku tun daga nan. "Haba Malam! Mun yanka ragon layya, mun ga jinin ƙaho a hannun wanzami, mun yi tuntuɓe mun fasa yatsa, ina farin yake?" To ku sa takalmi mu je asibiti. Ba sai mun kai babban asibitin Shika ba, ƙaramin asibitin garinku ma ya isa, in dai akwai ɗakin gwaji kuma an kawo wuta.

Hajiya ta riga ku sanin wurin. Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki ta san PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, ta san in ya faɗo ƙasa da 30 za a fara yi mata faɗan cin ganye da hanta, a haɗo ta da maganin ƙarin jini. Abin da ba ta cika gani ba shi ne abin da ake yi bayan ta juya baya. Mai gwaji ya soki yatsa, ya kanga wani siririn bututun gilashi mai tsawon milimita 75, jini ya haye ciki da kansa. Ya toshe gindin bututun da danƙo, ya kwantar da shi a faifan injin wulwulawa, ya ɗaure murfi, ya kunna. Injin nan yakan zagaya kusan sau 12,000 a minti ɗaya, sau 200 ke nan a daƙiƙa guda. Bayan minti 5 a buɗe.

Jinin da ya shiga da launi ɗaya ya fito hawa uku. A ƙasa ja ne mai duhu, jajayen ƙwayoyin jini ke nan a danƙare, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 ga lafiyayyen namiji, na mace ya ɗan gaza haka. A sama ruwa ne garau mai launin rawaya, wajen kashi 55. A tsakaninsu kuma, daidai kan iyaka, ga wani ɗan siririn zobe fari-fari, wani lokaci da ɗan duhun toka, wanda ko kashi 1 bai cika ba. In ba ka ɗaga bututun saitin haske ka ƙanƙance ido ba, sai ka rantse ba komai a wurin. To a kansa muke yau.

Malam Mai Gardama ya gyara zaman hula ya ce injin ne ya ƙera shi, ko kuwa wani sinadari aka zuba. Sinadari dai akwai, ban ɓoye ba. An shafa wa cikin bututun maganin hana jini daskarewa, alamarsa ce jan layin da ke bakinsa. Iyakar aikinsa ke nan, bai iya rini ba. Saura duk sha'anin nauyi ne. Je ka tambayi mai koko yadda take samun gasara: ta tace ƙullu ta ajiye, mai nauyi ya kwanta a gindin roba, ruwa ya taso sama, ba wanda ya tofa musu komai. Jini ma in ka hana shi daskarewa ka ajiye, haka zai yi, sai dai a hankali. Gaggawa kawai injin ya ƙara, don ƙarfin wulwulawar yana ninka nauyin kowace ƙwaya sau dubu goma ko fiye. Jajaye sun fi kowa nauyi, cike suke da sinadarin nan mai ƙarfe da ke dakon iskar oksijin, sai su yi ƙasa. Ruwa ya fi kowa sauƙi, ya hau sama. Fararen ƙwayoyi da 'yan mitsi-mitsin gutsattsarin nan masu toshe rauni su daskarar da jini, nauyinsu tsaka-tsaki ne, sai su maƙale a tsakani.

Kada kuma ku ce yayi ne na zamani. Tun kafin a ƙera injin, likitocin Turai masu tsaga jijiyar majiyyaci su tari jini a kwano (e, su ma sun yi nasu wanzancin, ƙarni a kan ƙarni) sun lura jinin mai zazzaɓi in ya daskare yakan yi wani farin ɓawo a sama. Suka ɗauka cutar ce ta fito fili, da sun gan shi sai su ƙara tsagawa. Wani likitan Landan, William Hewson, shi ya nuna a farkon shekarun 1770 cewa ba baƙon abu ba ne: jajayen ƙwayoyin ne suka riga nutsewa kafin jinin ya kama, suka bar saman babu su. Bawan Allah bai yi tsawon rai ba, ya yanke wajen feɗe gawa, ciwon ya ci shi a 1774 yana ɗan shekara 34. A 1921 kuma wani likitan Suwidin, Robin Fåhraeus, ya kawo hasashen da zai yi wa malaman ɗibbu daɗi. Ya ce mai yiwuwa ɗabi'u huɗun nan na tsohon likitancin Yunanawa da Larabawa suka gada, jini da majina da safra'u da sauda'u, daga kallon jini a kwalba aka samo su: baƙin gudaji a ƙasa, ja a kansa, fari a kan ja, rawaya a can sama. Hasashe ne, shi ma bai ce a gabansa aka yi ba. Amma in ya dace, to farin da kuke musu yana nan cikin littattafan da kuka jera a zaure.

Har yanzu da sauran magana? To ga shaida daga jikinku. Wane ne a cikinku bai taɓa yin maruru ba? Ranar da ya nuna aka matse, farin abin nan mai kauri da ya fito, daga ina kuke zaton ya zo? Mugunya galibinta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka yi gangami a wurin, suka gwabza da ƙwayoyin cuta, suka mutu. Kun gan su, kun ji warinsu, wasunku har ihu sun yi a kansu, yau kuma ku ce babu su.

Dalilin da ido ba ya kama su a jinin rago shi ne an fi su yawa nesa ba kusa ba. A ɗan ɗigon da bai wuce milimita ɗaya ba ta kowace fuska, akwai jajaye wajen miliyan 5, masu daskarar da jini 150,000 zuwa 400,000, farare kuwa 4,000 zuwa 11,000 kacal. Kowace fara ɗaya tana tsakiyar jajaye ɗaruruwa. Iri biyar ne. Mafi yawansu masu haɗiye bakteriya ne, ba sa daɗewa a jini, shi ya sa ɓargo ke ƙera kusan biliyan 100 nasu kowace rana. Akwai masu riƙe tarihin cuta, su ne suka sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sakewa, su ne allurar rigakafi ke koya wa darasi, a cikinsu kuma ake ƙirga CD4 ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai masu yawaita in tsutsar ciki ko tsargiya ta kama yaro. Sauran biyun ku bar su, kada kanku ya ɗau zafi.

Sai ga ɗan boko mai tabarau ya ɗaga hannu. "Mun ji, akwai shi. Amma abin da bai kai kashi ɗaya ba, me ya tsinana?" Kuma yana da 'yar madafa, don shi kansa mai gwaji in zai karanta PCV, a ƙarƙashin zoben yake tsayar da ma'auni, ba ya sa shi a lissafi. To yallaɓai, ɗan hakin da ka raina. Tsohon ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya jefar da bututu bai ƙare masa kallo ba. Ruwan sama in ya rine ya yi rawaya sosai, ya san akwai shawara. In ya yi fari ya gauraye, sau da yawa mai jinin maiƙo ya ci kafin ya zo, ko da ya rantse bai karya ba. Zoben kuwa in ya yi kauri, ya tashi daga ɗan zare ya kai milimita da yawa, sai ya ajiye komai ya shafa jinin a gilashi ya nufi madubin likita. Ko dai jiki na fama da babbar cuta, ko kuwa sankarar jini ce, inda farare kan haura 100,000 a ɗigon nan da muka ambata. A 1845 John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Berlin, kowa da nasa mamacin, suka ga jinin da farare suka yi wa yawa har launinsa ya koɗe. Bennett ya ce mugunya ce ta cika jini. Virchow, yana ɗan shekara 24, ya ce sam, wata cuta ce daban. Suka yi ta ja-in-ja a kan wanda ya riga ganowa. Kun ga ashe ba a Zariya aka fara gardama ba.

Ga wadda za ta tayar da Alhaji daga kishingiɗa. Gwajin DNA ɗin nan da ya hana wasu gidaje zaman lafiya, in da jini za a yi shi, daga ina ake samo DNA ɗin? Ba daga jan ba. Jajayen ƙwayoyin mutum tun a ɓargo suke yar da cibiyarsu, inda DNA yake, kafin su fito, haka suke yawo kwana 120 su mutu. Masu daskarar da jini ma ba su da ita. Kusan duk bayanin gadon da ke cikin jininka, na kaka da kakanni, a ɗan zoben nan yake. (A wannan fanni kaza ta fi ka, Alhaji, jajayen ƙwayoyinta da cibiyarsu suke yawo.) Shi ya sa manyan rumbunan bincike, irin na Birtaniya da ya tara jinin mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010, suke zuƙe wannan layin daban su adana a ƙanƙara. Masu gudun ƙarin jini wai kada su kwaso halin wani kuma, ku kwantar da hankalinku. Ko leda huɗu ta jinin Bakano aka ƙara wa Bazazzagi, ba zai iya ciniki ba.

Amma wanda ya fi kowa cin moriyar zoben nan a ƙasarmu bai ma san da shi ba, kuma shi ne sarkin masu shakka: Baffa mai garke. Baffa ba ya yarda da kowa a kan saniyarsa. In ta fara rama, gashi ya tashi, ido na hawaye, nono ya ja baya, ta koma bin garke daga ƙarshe, zai ce sammore ne, kuma sau da yawa yakan canka daidai. Sai ya nufi kasuwa ya sayo Berenil ko Samorin ya tsira mata. Inda gizo ke saƙa shi ne ciwon hanta da tsutsar ciki da cutar kaska da yunwar rani duk haka suke ramar da saniya, kuma yawan tsira allura ba bisa ƙa'ida ba ya sa ƙwayar cutar ta fara raina maganin a wurare da dama.

Ƙwayar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, 'yar siririya ce mai bulala, tana iyo tsakanin ƙwayoyin jini, dangin wadda ke sa wa mutum ciwon barci. In ka ɗiga jini haka kawai a gilashi ka duba, sai ta yi yawa ƙwarai za ka gan ta, don jajaye sun cika fili. Amma nauyinta ya yi kusa da na farare. Da an wulwula bututu, duk wadda ke ciki sai ta tattaru a bakin zoben. Patrick Woo na Kanada ya nuna a 1970 cewa ana iya ɗora bututun kansa a ƙarƙashin madubi a hango su suna motsi a wurin. A 1977 Max Murray da abokan aikinsa suka ƙara dabara: a yanke bututun milimita ɗaya ƙasa da zoben, a matso zoben da ɗan ruwan da ke kansa a kan gilashi, a rufe, a rage haske, a duba. Har yau da wannan hanya likitocin dabbobi ke bin rugage. A kama saniya, a soki jijiyar kunne, a tayar da ɗan janareta a gindin bishiya, kafin Baffa ya gama mitar an taɓa masa dukiya an sami amsa biyu a bututu guda. Ga yawan jinin saniyar, wanda in ya faɗo ƙasa da 24 ta shiga wahala, ga kuma ɓarawon da ya jawo haka.

Wanda ya ƙware ko rini ba ya buƙata, tafiyarsu kawai yake kallo ya gane irinsu. Akwai mai keta fili a guje ta ɓace, ita ce vivax. Akwai 'yar ƙarama mai nawa, takan maƙale wa jar ƙwaya tana mutsu-mutsu a wuri ɗaya, congolense ke nan. Akwai mai rawar kai da ke ta zarya a ɗan wuri ba ta zuwa ko'ina, brucei. In ka yi sa'a Baffa ya yarda ya kanga idonsa a madubin, ya ga abu na wutsil-wutsil a jinin Bunajinsa, to ka shirya kwana a rugar, don sai ya ce a duba sauran duka har da maraƙi. Haka ake yi wa raƙuma a Nijar da Cadi da Sudan, inda wata 'yar'uwar waɗannan ke shigarsu ta cizon wasu ƙudajen daban, ba tsando ba. Kuma Zazzagawa, cibiyar binciken wannan cuta da aka kafa tun 1947 domin ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ta mulka, a Kaduna take, a ƙasarku. Abu a bayan ɗakinku, sai Bakano ya zo ya ba ku labari.

Zazzaɓin cizon sauro ma bai tsira ba. Jar ƙwayar da cutar ta shiga takan rage nauyi ta taso saman jan, dab da zoben, har an gina wani gwaji a kan haka da rini mai ƙyalli, sai dai tsadar kayansa ta hana shi zama ruwan dare a asibitocinmu.

Yanzu bari in ba ku taku, kada ku ce Bakano ba ya adalci. Masu cewa ma'aunin Bature ba lallai ya dace da mu ba, a nan kun taki gaskiya, ko da da ka kuka faɗa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinsu. Rashinta alheri ne, don ta wannan ƙofa wani nau'in zazzaɓin cizon sauro da ya addabi Indiya da Kudancin Amurka yake shiga. Amma bincike ya nuna a 2009 cewa wannan gadon ne ke sa adadin farare masu haɗiye bakteriya ya zauna ƙasa da na Turawa a jinin da yawa daga cikinmu, alhali lafiyarsu ƙalau, ba sa kamuwa da cuta fiye da kowa. Sai ɗanmu ya je Ingila ko Amurka, a auna shi da ma'aunin da aka tsara da jinin Turawa, a ce fararensa sun yi ƙasa, a shiga maimaita gwaji. Wani a jinkirta masa maganin sankara, wani har a huda ƙashinsa a ɗebo ɓargo. Likitocin can sun fara gyara ma'aunin. To kun ci wannan. Sai dai ku lura, da ƙirga fararen nan da kuka ce babu aka gano haka.

Saura masu cewa, "Duk daɗin baki ne, jininmu suke tarawa su sayar." Ranka ya daɗe, bututun nan ɗigo biyu ke cika shi. 'Yar kwalbar da ake ɗiba daga hannu ba ta wuce cokalin shayi ba. Ledar ƙarin jini kuwa mililita 450 ce, jikinka kuma na ɗauke da wajen lita 5. Sai an tara masu gardama kusan 90 kafin a cika leda guda, kuma jinin da aka cakuɗa haka ba mai saye, don kisa zai yi. Amma ban ce zoben bai taɓa yin kuɗi ba. A Finland, wani likita mai suna Kari Cantell ya lura ma'ajiyar jini ta Red Cross tana raba ledoji ta ɗau ja da ruwa, farin layin kuwa ba mai so. Ya riƙa karɓa, yana zuba wa fararen wata ƙwayar bairos don su harzuƙa su fitar da sinadarin kare kai mai suna intaferon, shi kuma yana tacewa. A shekarun 1970 mafi yawan intaferon da aka gwada a kan majiyyata a duniya daga wurinsa ya fito, har ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ware dala miliyan 2 a 1978 don sayensa. Kafin ku fara lissafin nawa naku zai yi, kasuwar ta watse: a 1980 aka gano yadda za a sa bakteriya ta riƙa yin sa. Yau a yawancin Turai da Kanada, haɗa zoben mutum huɗu zuwa shida ake yi a fitar da leda ɗaya ta masu daskarar da jini, domin mai sankara ko wanda jini ya ƙi tsaya masa. Fararen kuwa tace su ake yi a zubar, don in sun shiga jikin wani sukan tayar masa da zazzaɓi da rawar ɗari.

Na san makaminku na ƙarshe, don shi ne makamin kowa: "To ina wutar da za a kunna injin?" Kun tuna wasan nan na yara, a bubbuge marfin kwalbar lemo ya baje, a yi masa huji biyu, a zura zare, a murɗa, a riƙa ja ana saki yana kuka? A 2017 Manu Prakash da abokan aikinsa a jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da injin wulwula jini da aka gina a kan irin wannan wasan: faifan takarda, zare, da 'yan mariƙai biyu. Kuɗinsa senti 20. Mafi gudun da suka auna ya kai zagaye 125,000 a minti, ninki goma na injin asibiti. Wanda aka ɗora wa jini bai kai haka ba, amma ya wadatar: a liƙa bututu a jikin faifan, a ja zare minti ɗaya da rabi, ruwa ya rabu da ja, a ja minti 15 a ware ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ban ce ku gwada a zaure ba, gilashi da jini ba abin wasa ba ne, a bar wa mai gwaji. Amma dai uzurin wuta ya faɗi. Takarda akwai, zare akwai a wurin tela, bututu akwai a asibiti. Yatsan da za a soka kawai ya rage.

Alhaji, yaya na ga kana tura hannu cikin aljihu?